Idan maƙala ta dawo daga hannun masu bita

Likitoci da ɗaliban da ke tura bincike mujallu, ku daina ɗaukar wasiƙar "a yi babban gyara" a matsayin kora. Editan da ba ya son aikinka ba zai ba ka wa'adi ba. Abin da ya fi kashe maƙala a wannan mataki shi ne wasiƙar amsa da aka rubuta cikin fushi ko gaggawa.

Ka kwafo kowace magana ta mai bita, wato masanin da edita ya ba maƙalar ya tantance, ka sa mata lamba, ka amsa a ƙarƙashinta, ka faɗi shafi da layin da ka gyara. Kar ka tsallake ko ɗaya, edita na ƙirgawa. Ka tura kwafi biyu, ɗaya mai nuna duk inda aka taɓa, ɗaya tsaf. In ka gyara adadi a jadawali, bi shi har cikin taƙaitawar farko, nan aka fi mantawa: jadawali ya ce majiyyata 212, taƙaitawa tana nan da 218.

Inda ake zamewa sosai wajen lissafi ne. Mai bita zai ce a sake duba sakamako ta jinsi, ta shekaru, ta tsananin ciwo. Ka yi, amma ka rubuta ƙarara cewa bayan ganin sakamako aka yi wannan. In ka raba majiyyata gida 20 ka gwada kowanne a ma'aunin 0.05, wato iyakar da ake ɗauka cewa bambanci ba dace ba ne kawai, a ƙiyasi ɗaya zai fito da bambanci ko da maganin bai yi komai ba. Babban abin da ka ce za ka auna tun farko kuwa, kar ka sauya shi don ya fi kyau. Tun 2005 mujallun da ke bin ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, suke neman a yi wa gwajin magani rajista kafin a ɗauki majiyyaci na farko, kuma rajistar PACTR ta Afirka da ClinicalTrials.gov ta Amurka a buɗe suke ga kowa, ana iya ganin abin da ka ce za ka auna.

Ba dole ka amince da komai ba. In mai bita ya nemi ka ƙara majiyyata bayan an rufe bincike, ka bayyana dalilin da ba zai yiwu ba cikin ladabi, ka sa shi a sashen gazawar bincike. In masu bita biyu suka saɓa, faɗa wa edita wanda ka bi da hujjarka. Wanda kuma ya cika ka da a ambaci wasu maƙaloli shida da ba su da alaƙa da aikin, duk na mutum ɗaya, edita za ka sanar a keɓe.

Kafin ka tura, duk wanda sunansa ke kan maƙalar ya karanta sabon kwafin ya amince, har da farfesan da ba ya buɗe imel.