Rana ma tana da nata hasashen, kuma ya shafe mu

Duk wanda ya taso da rediyo mai gajeren zango a Bauchi ya san yadda muryar BBC ko ta Jamus ke tashi ta faɗi, dattijo a teburin mai shayi na Wunti yana ta murɗa eriya yana tsine wa batir. Sau da yawa batirin nan ba shi da laifi. Muryar takan daki wani sashe na can saman iska ne ta dawo ƙasa, sashen kuwa rana ke juya shi. Ranar da ta yi aman wuta, sai ya hargitse.

Shi ya sa aka sa mata 'yan gadi. Tauraron ɗan'adam na SOHO, wanda Turai da Amurka suka harba a 1995, yana nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan, ya zuba mata ido dare da rana. Wasu taurarin ɗan'adam kuma aikinsu ƙirga ƙwayoyin da take fesowa, da waɗanda ke zuwa daga taurari masu nisa. A Maris 1989 guguwar rana ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada tsawon awa 9. Na san abin da za ku ce: mu awa 9 ai sauƙi ne. To, a Mayu 2024 fa, taraktocin manoman Amurka masu bin GPS, wato na'urar gano wuri da saƙon taurarin ɗan'adam da ke ratso saman iskar nan, suka rikice ana tsakiyar shuka.

Nan ne maganar ta zo gida. Najeriya tana daf da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saman iskar ya fi yawan yamutsewa, musamman bayan magariba. Safiyo da ke kafa dutsen iyaka a bayan gari da GPS yake aiki. Na'ura ta yi kuskuren 'yan taku, maƙwabta biyu su shekara suna zaryar kotu, ba wanda zai tuna da rana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, hukumar sararin samaniya ta NASRDA tana da cibiyar auna doron ƙasa a nan Toro, kan hanyar Jos, amma tambayi mutum goma a Kasuwar Muda Lawal ka ji ko sun san da ita. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina har da Hausa. Me zai hana a ba masanan Toro minti biyu a gidajen rediyonmu, duk ranar da taurarin ɗan'adam ɗin nan suka hango guguwar rana, su ce wa safiyo ya ajiye na'urarsa sai gobe?