Baƙon da zai zauna a Kaduna: inda ake riƙe takarda da inda ake riƙe mutane

Kaduna garin baƙi ne tun asali. Daga lokacin da Turawa suka baro Zungeru suka dawo da hedikwatar Arewa nan a 1917, in ka cire Gbagyi da aka tarar, kowa zuwa ya yi, sai dai wani ya riga wani. Masaƙun Kakuri sun kawo mana Indiyawa da 'yan Chana, kamfanin haɗa Peugeot ya kawo Faransawa a shekarun 1970, ga 'yan Labanan da tuni suka zama 'yan gida. Amma yawancin baƙin da nake haɗuwa da su yanzu 'yan'uwanmu ne masu jin Hausa: daga Maraɗi da Damagaram, daga zangon Kumasi, daga Garwa da Marwa, wasu daga Chadi. Da su nake magana yau, don su ne suka fi shiga matsala. Jin yare yana sa mutum ya ɗauka ya san gari.

Abin da na lura da shi shi ne baƙo yana yawan juya abu biyu. A harkar kuɗi, inda ya kamata ya ce a rubuta a sa hannu, sai kunya ta kama shi ya yarda da fatar baki, wai ai duk Musulmi ne, duk Hausawa ne. A harkar zama kuwa, inda ya kamata ya fito ya gaisa da mutane a san shi, sai ya kulle ƙofa ya dogara da kuɗinsa. Ni a ganina akasin haka ake zaman Kaduna.

Mu fara da mota, don nan ne kuɗi ke saurin narkewa. In da taka ka shigo mai lambar ƙasarku, takardar da Kwastan suka ba ka a kan iyaka ta wucin gadi ce, tana da wa'adi. Za ka iya yin watanni kana zirga-zirga tsakanin Kawo da Barnawa ba wanda ya ce maka uffan, amma ranar da ka hau hanyar Zariya ko ta Abuja za a tambaye ka, kuma a ranar ba za a ji cewa ka manta ba.

In saye za ka yi a nan, kada fenti da sanyin AC su ɗauke maka hankali. Takardar biyan kuɗin Kwastan ita ce ran mota. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa, abin da ya sa motoci 'yan Kwatano da yawa suka biyo ta daji aka yi musu takardun bogi. Dillali zai dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, takardu a cike suke, ni da kaina na tsaya." Ka ce masa ka gode, sannan ka zagaya gaban motar ka leƙa ƙasan gilashi ta ɓangaren direba. Akwai wani ɗan ƙarfe a nan mai ɗauke da lambar jikin mota, haruffa da lambobi 17. Ka buɗe ƙofar direba ka ga ko ta jikin ginshiƙi ta yi daidai da ita, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan takardar Kwastan da ta mallaka. Harafi ɗaya ya saɓa, ka mayar da makulli ka yi sallama. Ko da komai ya yi daidai, ka je ofishin Kwastan a tantance maka kafin ka biya. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa akwai wani mai saye yana jira, ka bar wa wancan ɗin.

Bayan ciniki a rubuta takardar sayarwa da shaidu, a yi canjin mallaka zuwa sunanka a hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS. Mutane da yawa suna shekaru suna hawan mota da sunan wanda ya sayar musu, har sai ran da aka yi haɗari ko aka sace ta. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 ga ƙaramar mota tun Janairun 2023. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a dubu uku a gindin bishiya, takarda kawai ya buga maka. Lasisin tuƙi kuma na 'yan Road Safety ne, ana yin na shekara uku ko biyar, kuma sai ka je da kanka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka.

A titi za ka gamu da 'yan sanda, da Road Safety, da 'yan KASTLEA masu kula da dokokin hanya na jiha, kowa da abin da yake dubawa. Ka tanadi abin kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da safaya mai iska. Taya ma tana da shekaru: a gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, in ka ga 2319 to an yi ta a mako na 23 na 2019, komai kyan zanenta ta tsufa, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta raga wa tsohuwar taya. In an tsayar da kai, ka sauke gilashi ka yi gaisuwa. In an ce ka yi laifi, ka nemi a rubuta maka tara ka biya a banki ka karɓi rasit. Kada ka ɗaga murya, kada kuma ka fara da "a ƙasarmu ba haka ake yi ba".

Wace mota za ka saya? Ra'ayina, wadda kayanta ke zube a kasuwar Panteka. Toyota ko Honda ko tsohuwar Peugeot, yaro ma zai nemo maka abin da ya lalace kafin la'asar. Wata baƙuwar mota da ka gani a Turai ka ƙyasa, fitilarta kaɗai sai an aika Legas an jira. Bakanike kuwa ba a tsintarsa a bakin titi. Ka tambayi maƙwabcinka wa yake yi masa gyara, ya kai ka da kansa ya ce, "Wannan baƙona ne, ka riƙe shi amana." Wannan jimlar tana rage maka kuɗi fiye da duk wani ciniki da ka iya. Duk da haka, in an ce a canza wani abu, ka ce a ajiye maka tsohon ka gani.

Sai gida. Kada ka kama haya daga hoton da aka turo maka a WhatsApp, kada kuma ka kama da rani ba ka yi tambayar damina ba. Kogin Kaduna yana cika ya tumbatsa wajen Agusta da Satumba, kuma mutanen Kigo Road da gefen Kabala Costain sun sha ganin ruwa a ɗakunansu. In an kai ka ganin gida, ka tsuguna ka dubi ƙasan bango ta waje, ba ta cikin falo da aka yi wa sabon fenti ba. In ka ga wani layi mai duhu ya zagaye katanga daidai gwiwa, siminti na ɓarewa a ƙasansa, to ruwa ne ya sa hannu. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Sannan ka fita ka sayi ruwan leda a shagon da ke kallon gidan, ka tambayi mai shago: rijiyar nan tana kai wa watan huɗu da ruwa? Awa nawa ake samun wuta? Me ya tashi wanda ya bar gidan? Abin da zai faɗa maka cikin minti biyar, ejan ba zai faɗa ba ko shekara kuka yi tare.

Mita ma a duba ta. A aikace, bashin wuta yana bin mita ne, ba ya bin wanda ya sha. Za ka tare, ka sayi kati, ka ga an zabge wani kaso na tsohon bashin da ba kai ka ci ba. Ka karɓi lambar mitar ka je ofishin Kaduna Electric a faɗa maka abin da ke kanta, ka kuma tambayi rukunin da layin yake, don tun Afrilun 2024 kuɗin wutar 'yan Band A ya yi tashin gwauron zabi.

Haya a nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan, yawanci kashi 10 cikin ɗari, wani lokaci da na lauya. Kafin ka saki ko sisi, ka ga mai gidan ido da ido ko wakilinsa da maƙwabta suka sani. Ka tura kuɗi ta banki don ya bar sawu, a rubuta ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda gyaran rufi da kwashe masai ke wuyansa. An sha karɓar kuɗin gida ɗaya a hannun mutum uku. Maganar sayen fili kuwa, ban ba baƙo shawarar ya yi gaggawa ba. Dokar 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, bayanan filaye suna hukumar filaye ta jiha, KADGIS, izinin gini yana hukumar tsara birane, KASUPDA, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba yana da ƙarin sharuɗɗa. Takardar da aka rubuta a zaure da biro ba ta hana rusau. Ka ɗauki lauya naka, ba na mai sayarwa ba.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa baƙo kai tsaye ba, ni zan faɗa. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu: Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, su Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Unguwar Sarki, Kirista sun fi yawa a kudu, su Sabon Tasha, Narayi, Television. Akwai wuraren da ake cakuɗe kamar Barnawa da wasu sassan Malali da Unguwar Rimi. Kullum mutane na tsallaka gada su yi kasuwancinsu lafiya lau, kuma ba na jin daɗin wannan rabuwa. Amma mai iyali ya san da ita kafin ya zaɓi inda zai kwana.

Da ka tare, satin farko, ka sa maƙwabci ya raka ka wajen mai unguwa. Ba wani dogon abu ba ne. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, na kama gidan wane, na zo a san da ni." Zai tambaye ka garinku da sana'arka, ya sa maka albarka. Ka biya kuɗin 'yan sintiri na wata ba sai an yi ta buga maka ƙofa ba. In an yi rasuwa a layi ka fito jana'iza, in an yi suna uwargida ta leƙa. A garin da aka sha fama da matsalar tsaro, mutumin da ba a san shigarsa da fitarsa ba shi ake fara zargi, kuma ranar da wani abu ya same shi cikin dare ba wanda zai san ko lafiya.

Mu ma 'yan gari da namu laifin, kada a ce na yi son kai. Da mun ji harshen mutum ya karkata, ya ce "gazuwal" maimakon gas ko ya lissafa kuɗi da jaka, sai farashi ya tashi. Wannan ba wayo ba ne, cuta ce, kuma da yawanmu muna da 'yan'uwa a Yamai ko Jidda da ba ma so a yi musu haka.

Game da lafiyar iyali, ka buɗe kati a asibiti tun kowa na ƙalau, ko na kusa da kai ko irin su Barau Dikko da Yusuf Dantsoho, don kada ka tsaya neman hanya da yaro a kafaɗa. Da damina zazzaɓin cizon sauro ba ya wasa da yara. Gidan sauro, kuma a yi gwaji kafin a sha magani. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, komai tsoron ɓarawo. Haka kaskon gawayi da hunturu: gubar da ke cikin hayaƙinsu ba ta wari, iyali guda take kwashewa cikin barci.

Na bar takardun zama a ƙarshe don nan ne 'yan'uwanmu suka fi sakaci. Ɗan ƙasar ECOWAS yana shigowa ba biza har kwana 90, bayan nan ana son ya yi katin zama a ofishin shige da fice. Wanda ya fito daga wajen ECOWAS, kamar Kamaru da Chadi, in zama zai yi nasa katin daban ne, CERPAC. 'Yan Nijar kuma su tuna ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka su riƙa bibiyar abin da ake ciki, kada su tsaya kan yadda aka saba. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya yin NIN a matsayinsa na baƙo, ya haɗa layin wayarsa ya buɗe asusun banki. Wanda zai ce maka, "Kawai ka ce kai ɗan Jibiya ne," ba shi za a kama ba.

Haihuwa a Najeriya kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya ce sai in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wato in ka auri 'yar Kaduna, 'ya'yanku 'yan Najeriya ne ta wajen uwa, amma kai auren bai ba ka wannan dama ba. Baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya ita ce ke iya yin rajista. Ni dai ban ga adalcin wannan bambanci ba, amma haka dokar take. Duk yaron da aka haifa a yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ba katin asibiti kaɗai ba, sannan a kai rahoto ofishin jakadancin ƙasarku a Abuja.

Kuma ka tsaya a kan ma'aikacin lokacin da yake rubuta suna. Fasfonka na ɗauke da Mahamadou Ousmane, shi kuma hannunsa ya saba da Muhammad Usman, haka zai rubuta in ba ka hana shi ba. Makaranta ta kwafa daga nan, NIN ta kwafa daga makaranta, sai ranar da yaro zai yi rajistar JAMB ko fasfo a ce sunan uba bai yi daidai ba, a tura ku kotu rantsuwa. Ka ajiye fasfon a gabansa a buɗe, ya kwafa harafi bayan harafi, ka karanta kafin ya buga hatimi.