Ba wayar da kai ce ta yi ƙaranci ba

Duk lokacin da wani shiri na dashen itatuwa, ko na rigakafi, ko na sa yara makaranta ya wargaje, akwai maganar da ba ta taɓa ɓacewa a rahoton ƙarshe: wai akwai buƙatar ƙara wayar da kan jama'a. Na sha zama a irin tarukan da ake wannan wayar da kai. A jera kujeru, a raba riguna da huluna masu tambarin shirin, mai jawabi na ta haska hotuna a bango, mutane na hamma. Ba mai motsi sai takardar sa hannu ta fara zagayawa, don kowa ya san kuɗin mota na biye da ita. Washegari a rubuta cewa al'umma ta ba da haɗin kai. Ka koma bayan wata shida, awaki sun gama da dashen, ba kuma wanda ya ji an yi masa ɓarna, tunda dama ba nasa ba ne.

Ni dai a ganina, kan mutane a waye yake. Manomi ya fi kowane mai jawabi sanin amfanin inuwa, uwa kuma ba sai an koya mata tsoron mutuwar ɗa ba. Tambayar da suke yi a zuci, wadda ba a cika amsa musu ba, ita ce: in na sa hannu, abin na wane ne, kuma wa zai ci moriyarsa?

Abin da ya faru a kudancin Nijar ya isa hujja. Shekaru da dama dokar gandun daji da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To me zai sa manomi ya bar wa kansa abin da zai jawo masa tara? Sai ya share gonar tas. A gefe guda kuma ana ta kashe kuɗi a kan lambunan renon itatuwa, ana dasawa suna mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake nomewa kowace shekara tohon kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin bai wuce wuƙa ko lauje ba: ka zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ka datse sauran, ka kare su daga dabbobi. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa dabarar da shirin ba da abinci a madadin aiki, dubban manoma suka shiga. Da abincin ya ƙare, galibinsu suka sare itatuwan.

Wannan gaɓar ce masu tsara shiri ba sa son a tuna musu. Amma 'yan tsirarun da suka bar nasu sun ga itacen girki a ƙofa, ga harawar dabbobi, ga iska ta daina binne shuka da rairayi. Gawo kuwa, da yake zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Maƙwabci ya leƙa ya gani, gani kuwa ya kori ji. Da hannun ma'aikatan gandun daji ya yi sanyi, daga baya kuma dokar 2004 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa, sai abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba a dasa su ba. Barin su aka yi, ranar da suka zama na masu gonar.

Kada a ce wannan halin wata ƙasa ce ita kaɗai. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu lambar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, ta ƙare rayuwarta tana bin diddigin makiyayan ƙauyen Törbel a Suwizalan da masu ban ruwa a Sifaniya da Nepal. Ta tarar cewa dukiyar gamayya tana ɗorewa ɗaruruwan shekaru inda masu amfani da ita ne suka tsara dokar, su ke sa ido, su ke hukunta mai laifi, hukuma kuma ba ta zo ta rusa musu tsari ba. Namibiya ta gwada haka da dokar 1996, ta ba mazauna karkara iko da kuɗin shigar namun dajin yankinsu. Yau irin waɗannan yankuna sun haura 80.

A harkar lafiya kuwa, abin da ke tsaye a matsayin mallaka shi ne yarda. Annobar Ebola ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016. A farko, baƙi ne ke dira a ƙauye cikin fararen kaya, ba a ganin ko fuskarsu, su ɗauke gawa a leda, dangi ba su san inda aka kai ta ba. A Monrobiya, babban birnin Laberiya, har umarnin ƙona gawa aka bayar. Sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya. A garin Womey na Gini, a watan Satumban 2014, an kashe mutum takwas cikin tawagar da ta je wayar da kai, har da 'yan jarida. Kisan ba shi da uzuri ko kaɗan, amma ya nuna zurfin ramin da ke tsakanin mai kira da wanda ake kira. Al'amura sun fara sauyawa da aka gyara ƙa'idar jana'iza: a nemi iznin dangi, limami ko fasto ya yi addu'a, 'yan uwa su tsaya daga nesa su ga an binne nasu. Saƙon bai canza ba, wanda ya kawo shi ne aka canza. Irin wannan yarda kuwa ba a fafe gorarta ranar tafiya. Asibitin da ya wulaƙanta mace ranar haihuwa kada ya yi mamaki in ta rufe ƙofa ranar rigakafi.

Wani zai ce to kuɗi fa? Ban ce kuɗi ba ya motsa mutane ba. Shirin Progresa da Meziko ta fara a 1997 ya riƙa ba uwaye kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti, kuma ya ƙara yawan masu zuwa, musamman 'yan mata a sakandare. Kuɗin nan gurbin abin da yaro zai samo da ya tafi aiki yake cikewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2018 ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, kuma daidai ne, don kiran matar da ke zagaya gida hamsin a rana 'yar sa-kai cin zali ne da aka yi wa kwalliya. Biyan aiki daban, biyan zaman kujera daban. Na biyun shi ke koya wa mutane cewa in ba ambulan, ba taro.

A ilimi ma haka zancen yake. Kwamitin iyaye da aikinsa bai wuce tara kuɗin gyaran rufi ba, ba ya daɗewa. A El Salbado, shirin EDUCO na 1991 ya miƙa wa ƙungiyoyin iyaye a karkara ikon ɗaukar malami da sabunta kwantiraginsa. Uban da ya san maganarsa na iya shafar aikin malamin da ba ya zuwa aji, ba sai an aika masa takardar gayyata sau uku ba.

Sai dai akwai abu biyu da nake tsoro a wannan magana tawa. Kalmar al'umma tana ɓoye abubuwa da yawa: sau tari mutum huɗu ne masu faɗa a ji, su ne kwamitin ruwa, su ne na makaranta, su ne na asibiti, mata da matasa da baƙin da suka zauna daga baya kuwa sai labari. Na biyun ya fi muni. Gwamnatoci sun gano cewa shigar da al'umma hanya ce mai arha ta sauke nauyi: ku gina ajin, ku haƙa rijiyar, ku saya wa asibitin man janareto. Amma kasafin kuɗi, da ɗaukar ma'aikata, da zaɓen ɗan kwangila, duk suna can babban birni. An miƙa musu gatari da kwandon ɗaukar ƙasa, makullin sito kuwa yana aljihun wanda ko sunan ƙauyen bai iya faɗa daidai ba.