Masu tausayin matan Mormon ba sa sauraren su

Tun da Hulu, dandalin kallon fina-finai na Amurka, ta fara haska wani shiri na rayuwar matan Mormon 'yan TikTok a watan Satumbar 2024, kowa ya zama masani a kan matan cocin Mormon, mai cibiya a jihar Utah ta Amurka. 'Yan mata ƙalilan daga jihar Utah, da rigingimun aurensu da badaƙalar musayar mazaje, su aka mayar fuskar miliyoyin mata masu ibada. Daga nan sai sharhi ya biyo baya: wai an kulle su a gida, aikinsu haihuwa da bin miji, sai an zo an cece su. Wannan magana ta ishe ni.

Mai wannan ra'ayi ya taɓa buɗe tarihinsu kuwa? A 1842, a garin Nauvoo na jihar Illinois, suka kafa ƙungiyarsu ta agaji, Relief Society, Emma Smith, matar wanda ya kafa cocin, ce shugabarta ta farko, kuma har yau ƙungiyar tana aiki. A 1870 matan Utah suka fara jefa ƙuri'a, shekara 50 kafin kundin tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa dukan mata wannan haƙƙi. Wa ya ƙwace musu ƙuri'ar? Majalisar dokokin Amurka ce, a 1887, da sunan yaƙi da auren mace fiye da ɗaya da 'yan cocin ke yi a lokacin. Wato masu cewa sun zo ceton su ne suka toshe musu baki. Bayan ƙuri'ar ta dawo, a 1896 likita Martha Hughes Cannon, wadda ita ce mata ta huɗu a gidan mijinta, ta tsaya takarar majalisar dattawan jiha, ta ci, mijin nata da ke cikin 'yan takara ya faɗi. Cocin ma ta sanar da daina auren mata da yawa tun 1890, amma har gobe da shi ake musu gori.

Ba ina cewa babu damuwa ba. Akwai, kuma su da kansu suke faɗa. Ba a naɗa mace limancin coci. Kate Kelly, da ta jagoranci masu neman a canja hakan, an kore ta daga cocin a 2014. Sai a 2013 mace ta fara jan addu'a a babban taronsu, sai a 2019 aka yarda mace ta zama shaida wurin baftisma. A Maris 2024, da wata shugabar Relief Society ta ce ba ta san wani addini da ya ba mata iko haka ba, dubban matan cocin suka yi mata ca a Instagram. Matan da ke wannan muhawara, da yawansu ranar Lahadi suna cikin coci da 'ya'yansu. Wannan rigimar cikin gida ce ta mutanen da suka riƙe imaninsu da gaske, kuma kyamara ba ta da sha'awarta saboda babu tsiraici a ciki.

Masu cewa ai shirin nishaɗi ne kawai, su bari a yi da matan addininsu mu gani. Mu da muka sha ganin yadda kafafen waje ke ba da labarin mace mai hijabi ba tare da an tambaye ta ba, bai kamata mu shiga sahun masu tafi ba.

'Yan jarida su je garin Provo a Utah, ko garin Aba a Najeriya inda cocin ke da haikali tun 2005, su zauna da uwar da ke koyar da yara ranar Lahadi, su bar ta ta yi magana da bakinta.