Masu shago, ku riƙa duba rubutu kafin ku biya mai allo

Jama'a, ku bi layin shaguna a Agege ko Idi-Araba da ke Legas kuna karanta allunan da 'yan uwanmu suka rataya. Wajen masu sayar da biro da littattafan rubutu, sau da yawa za ku ga "stationary". Wannan kalmar ta Turanci nufinta abin da ke tsaye cak, kamar tirelar da ta maƙale a hanyar Apapa. Kayan rubutu kuwa "stationery" ne, da harafin e. Asalinsu ɗaya. A Ingila ta dā, masu sayar da littattafai da ke zaune a rumfa ɗaya ba sa yawon talla, su ake kira stationer, har ƙungiyarsu ta Landan ta samu takardar amincewar sarauta a 1557.

Na allo da sauƙi, a yi dariya a wuce. Wanda ke damuna shi ne na takardar kuɗi. "Principal" ba shugaban makaranta kaɗai ba ne. A takardar bashi, shi ne uwar kuɗin da ka karɓa, ban da kuɗin ruwa. "Principle" kuma ƙa'ida ce ko aƙida, babu ruwanta da lissafi. Alhajin da ke sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12 zai kai yarjejeniya wajen yaron da ke buga takardu a kwamfuta, yaron ya buga, Alhaji ya sa hannu ba tare da ya san wane layi ne uwar kuɗi ba. Ranar rigima lauya abin da ke rubuce zai karanta.

Haka "lose" da "loose". Na farko hasara ne, na biyu abin da ya yi sako-sako. "Price" farashi, "prize" kyautar gasa.

Kada kuma wani ya ce waya za ta gyara masa. Ba za ta ja jan layi ba, domin kowace daga cikinsu kalma ce ta gaskiya, wurinta ne kawai ba nan ba. Mu ma ai muna da irinsu, a cire lanƙwasar ƙ a "ƙafa" sai ta koma "kafa".

Ba zurfin boko nake nema wa kowa ba. Kusan kowane layi akwai ɗan makarantar sakandare ko malamin da ke zama a masallacin unguwa bayan la'asar. Miƙa masa takardar ya karanta maka layi-layi da Hausa, sannan ka ba mai fenti kuɗinsa ko ka sa hannu.