José Rizal: Ba Amurka ce ta naɗa shi gwarzo ba

Duk ranar 30 ga Disamba ana hutu a Filifin don tunawa da José Rizal, likitan ido kuma marubuci, wanda gwamnatin mulkin mallakar Sifaniya ta harbe a Manila a 1896 yana da shekara 35. Har yau akwai masu cewa Amurkawa ne suka ɗaukaka shi bayan sun karɓe ƙasar a 1898, don sun ga gwarzo ne da ba zai tayar musu da ƙura ba. Masanin tarihi Renato Constantino ya yi fice da wannan ra'ayi tun 1969.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Da ƙungiyar Katipunan ta Andrés Bonifacio, mai shirin yi wa Sifaniya tawaye, ta aika wakilinta Pío Valenzuela garin Dapitan, inda aka kai Rizal gudun hijirar dole, Rizal ce masa ya yi lokacin tawaye bai yi ba, ba makamai, ba kuɗi. Yana tsare ma ya rubuta takarda yana nesanta kansa da tawayen. Amurka kuwa ta raɗa wa wani lardi sunansa a 1901.

Duk da haka ban gamsu ba. Tun a Disambar 1898 Emilio Aguinaldo, jagoran 'yan tawayen, ya ware ranar kisan Rizal ta zama ranar makoki. Su kansu 'yan Katipunan sunansa suka mai da kalmar sirri a tsakaninsu. Amurka dai ta tarar da shuka ta yi yabanya, sai ta yi mata ban ruwa.

Kuma wanda ke ganin Rizal mai sanyin hali ne, ya duba abin da alƙalaminsa ya jawo. Littafinsa Noli Me Tangere ya fito a Balin a 1887, da kuɗin da abokinsa Máximo Viola ya ranta masa. A ciki ya tona asirin limaman cocin Sifaniya da suka riƙe gonaki, suka fi gwamna ƙarfi a ƙauyuka. Ba labarin kanzon kurege ya bayar ba: iyayensa haya suke a gonar limaman Dominikan a Calamba, kuma daga baya aka kore su. Mahaifiyarsa, wadda ciwon idonta ya sa ya karanci aikin ido, an taɓa tasa ƙeyarta a ƙafa tun daga Calamba har gidan yarin Santa Cruz. Littafi na biyu, El Filibusterismo na 1891, ya sadaukar da shi ga limamai uku 'yan ƙasa da aka kashe a 1872. Waƙarsa ta bankwana kuwa a cikin ɗan risho ya ɓoye ta, ya miƙa wa ƙanwarsa Trinidad.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne rikicin 1956. Shekara sittin bayan mutuwarsa, Sanata Claro Recto ya kawo ƙudurin wajabta karanta littattafan biyu a makarantu. Cocin Katolika ta yi tsalle ta dire, har makarantunta suka yi barazanar rufewa. Recto ya ce in sun rufe gwamnati za ta karɓe su. Dokar ta wuce, amma sai da aka saka mata sharaɗin cewa ɗalibi na iya neman a ɗauke masa karatun saboda addininsa.