A bar Scoot Henderson ya nuna tukuna

Mu da muke raba dare saboda NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ƙarfe 2 ko 3 ido a waya, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, yaro bai buga wasa ashirin ba mun riga mun yanke masa hukunci. Haka aka yi wa Scoot Henderson. Portland ta ɗauke shi a na uku a diraf (zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara) ɗin 2023 bayan Wembanyama da Brandon Miller, sizin ɗin farko ƙwallo ta ƙi shiga kwando, ga yawan zubar da ita a hannun abokan hamayya, kafin ka ce kwabo an fara cewa ai Portland ta yi asara, a dubi Ja Morant a dubi Luka Dončić, da suka haskaka tun sizin ɗinsu na farko.

To nan ne matsalar. Morant da Luka ba ma'auni ba ne, irinsu sai an tona.

Mai raba ƙwallo, matsayin da Scoot ke bugawa, shi ne direban ƙungiya, lamba ɗaya. Ba jifa kawai ake nema a wajensa ba, sai ya san inda abokan wasansa huɗu suke son a ba su ƙwallo, ya karanta tsaron da aka kafa masa cikin sakan 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa, ya san lokacin gudu da lokacin taka birki, kuma duk wannan yaro ɗan shekara 19 ne ake ɗora wa a gaban ƙarti masu shekara goma a lig. Dogo na ƙarƙashin kwando ko bai iya komai ba tsawonsa zai ɗan rufa masa asiri, shi kuwa wannan kuskurensa kowa na gani.

Ku tuna diraf ɗin 2009, wanda aka ɗauki Jennings, Evans da Curry. Brandon Jennings ya zuba maki 55 a wasansa na bakwai, kuma Golden State ya zuba wa, ƙungiyar Stephen Curry. Tyreke Evans ne ya ɗauki kyautar gwarzon sabon ɗan wasa. Shi Curry sai fama da idon sawu, bai shiga All-Star, wasan zaɓaɓɓun taurarin lig, ba sai 2014, sizin ɗinsa na biyar. Yau fa? Kofi huɗu. Jennings da Evans ko sau ɗaya ba su leƙa All-Star ba har suka bari.

Wanda ya fi ba ni dariya ma Chauncey Billups, shi ma na uku aka ɗauke shi a 1997, Boston ko sizin ɗaya ba ta iya jira ba ta tura shi Toronto, ya yi ta yawo Denver, Orlando, Minnesota, sai a Detroit ya zauna, 2004 ya ci kofi kuma shi ne gwarzon fainal. Kuma shi ne kocin Portland lokacin da aka kawo Scoot, ka ga kuwa ya san zafin abin. Steve Nash ma benci ya ɗumama a Phoenix bayan Kevin Johnson da Jason Kidd, kyautar MVP, wato gwarzon ɗan wasan sizin, ta farko sai 2005 yana da shekara 31.

Na san za a ce ai haƙurin ma yana cin mutum, gaskiya ne. Detroit ta jira Killian Hayes kusan shekara huɗu, ƙarshe ta sallame shi a 2024. Amma ni abin da nake dubawa ba yawan maki ba ne, shin kuskuren da ɗan wasa ya yi a Nuwamba shi yake maimaitawa a Maris? Hayes jifarsa ba ta gyaru ba shekara da shekaru. Darius Garland kuwa, wanda aka yi ta zagi a sizin ɗinsa na farko ana haɗa shi da Morant don diraf ɗinsu ɗaya na 2019, duk shekara sai ka ga ya ƙara wani abu, a ta uku ya shiga All-Star.

Kwantiragin farko na wanda aka ɗauka a zagayen farko yana kaiwa shekara huɗu, ƙungiyoyin da suke biyan kuɗin kenan sun ba kansu wannan lokacin. Mu da data kawai muka saya muna son sakamako a wata biyu.